Daga etanol zuwa butanon: ta ina ake fara tsara haɗin sinadari?

Tambaya: Malam, ni ɗalibin kimiyyar sinadarai ne a nan Kaduna. An ba mu aiki mu tsara yadda za a haɗa butanon, CH3COCH2CH3, kuma ba a yarda kabon ya fito daga ko'ina ba sai daga etanol. Na haddace darussa da yawa, amma da zarar na zauna sai in rasa ta inda zan kama. Daga wani ɗalibi a Tudun Wada.

Amsa: Ɗana, matsalarka ba ta ƙarancin hadda ba ce. Kana zura wa etanol ido ne kana tambayar me zai iya zama, alhali abubuwan da zai iya zama suna da yawan gaske. Ka ajiye shi tukuna, ka fara daga butanon ɗin, kana komowa baya mataki mataki. Telan Kasuwar Barci idan aka kawo masa rigar da bai taɓa ɗinka irinta ba, yakan warware ta ne ya ga inda aka haɗa kowane ƙyalle, sannan ya sa almakashi a yadi. Wannan hanya ta komowa baya ita ce E. J. Corey na Jami'ar Harvard a Amurka ya tsara wa ƙa'idoji, har ya sami lambar Nobel a 1990.

Da farko ka ƙirga kabon. Butanon yana da huɗu, etanol yana da biyu, saboda haka dole a ƙulla sabuwar mahaɗa guda ɗaya tsakanin kabon da kabon, kuma a kanta dukan aikin ya rataya. Komawa baya ta farko mai sauƙi ce, domin ana samun butanon daga butan-2-ol idan aka sa masa dikromet, wato sinadarin da ke cire masa haidurojin, a cikin asid.

A kan butan-2-ol, CH3CH(OH)CH2CH3, ya kamata ka daɗe. Ana yankawa ne a gefen kabon da yake ɗauke da OH, kuma gefen nan biyu ne. Idan ka yanka tsakanin kabon na ɗaya da na biyu, za ka sami gutsure mai kabon ɗaya da wani mai uku, waɗanda etanol ba zai ba ka su cikin sauƙi ba. Idan kuwa ka yanka tsakanin na biyu da na uku, sai ka ga biyu a nan biyu a can, daidai da abin da ke hannunka. Gutsuren da yake ɗauke da oksijin shi ne asitaldehaid, CH3CHO, wanda kabon ɗinsa ke buƙatar lantarki, wato ƙwayoyin electron da ake ƙulla mahaɗa da su. Ɗayan kuma dole ya zo da lantarkin, kuma a nan ne sinadarin Grignard, CH3CH2MgBr, yake shigowa. Victor Grignard na Faransa ne ya gano shi a 1900, ya kuma sami Nobel a 1912.

Yanzu sai ka rubuta hanyar daga farko. Ka raba etanol kashi biyu. Kashi ɗaya ka mayar da shi CH3CH2Br da PBr3, sannan ka sa masa magnesiyam a cikin busasshen etar, wato ruwan sinadarin da ake narkar da su a ciki, wanda ba shi da ko ɗigon ruwa. Ɗayan ka mayar da shi asitaldehaid da PCC, wani sinadari mai aiki irin na dikromet amma mai tsayawa a asitaldehaid. Ka haɗa su, ka bi da ruwa mai ɗan asid, sannan dikromet ya kai ka ga butanon.

Inda na fi ganin ɗalibai suna zubar da maki shi ne zaɓen sinadari da lokacin sa shi. Dikromet ɗin da ya yi maka amfani a ƙarshe, idan ka dafa etanol da shi a farko zai wuce asitaldehaid ya kai ka ga asid ɗin da ke cikin binega, shi ya sa aka zaɓi PCC. Sinadarin Grignard kuma ba ya jituwa da ruwa ko ragowar etanol, domin nan take zai fizgi haidurojin ya zama iskar etan ya tashi, don haka ruwan asid sai bayan an gama ƙulla mahaɗar. Wanda zai yi aikin a ɗakin gwaji da damina sai ya busar da kwalabensa sosai. Ya kuma tuna cewa asitaldehaid yana tafasa ne a wajen digiri 20, etar a wajen 35, ma'ana a zafin Kaduna na watan Afrilu ba za a yi komai ba sai da ƙanƙara.

Ka kuma lura da yawan matakai. Hanyarka ta ɓangaren Grignard, wadda ta fi tsawo, matakai huɗu ce, kuma idan kowanne ya ba ka kashi 80 cikin ɗari, abin da zai rage a ƙarshe kashi 41 ne kawai. Saboda haka idan hanyoyi biyu suka zo maka a jarrabawa, ka ɗauki gajeriyar, ka rubuta sinadarin kowane mataki a kan kibiyar da ke nuna matakin, ka kuma sa ruwan asid ɗin a matsayin mataki na daban bayan Grignard.