Amsa kan feshin seramik da ya bar dabbare-dabbare a jikin mota

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka, ka ce ka wanke motarka baƙa ka fesa mata seramik ɗin nan na feshi, wato maganin da ake fesawa don kare fenti da ƙara masa santsi, maimakon sheƙi sai bonet da ƙofofi suka yi dabbare-dabbare da zane-zane, kuma ko sati biyu ba a yi ba ruwa ya daina dunƙulewa a jiki, kana tambaya ko jabu aka sayar maka ko kuma ka ƙara fesa wani a kai. To dan Allah kafin komai, kada ka ƙara ko ɗigo ɗaya tukunna. Na daɗe ina wannan harka ta gyaran fenti da folish, kuma yawancin motocin da ake kawo min da irin wannan matsalar ba maganin ne ya gaza ba, ko dai jikin fentin bai shirya karɓarsa ba ko kuma an zuba masa fiye da kima, mafi yawa ma duka biyun ne a tare.

Bari in fara da dabbaren nan tunda shi ya fi damunka. Abin da ke cikin kwalbar sinadarin SiO2 ne, wato silika, a cikin ruwa mai saurin tashi, kana fesawa ruwan ya fara tashi ya bar wani siririn shimfiɗi a kan kiliya, wato shafin nan marar launi da ke saman fenti, kuma kiliyar iya abin da za ta kama kenan, duk rarar da ta saura a sama in ba ka ɗauke ta da tawul ba nan za ta bushe, ita ce kake gani kamar maiƙo ko wuri mai duhu-duhu in ka karkata kai. Mutane na ganin in sun fesa da yawa zai fi ƙarko, wallahi ba haka bane, ƙofa guda feshi ɗaya zuwa biyu ya ishe ta, bonet ka raba shi biyu ko huɗu. Ni ma ba na fesawa a jikin motar in baƙa ce, a kan tawul nake fesawa in shafa, nan take in bi da wani busasshen tawul daban in goge har sai na ji hannuna na zamewa ba tirjiya. Tawul biyu ne aikin, kuma na maikrofaiba, na biyun in ya fara danshi ka canza shi domin daga nan ba gogewa yake ba, mayar da abin yake yi yana jan shi daga wannan wuri zuwa wancan. Sai zafi. In ka ɗora bayan hannunka a bonet ka ji ɗumi to ba lokacin feshi bane, baƙin fenti a rana yana zafi sosai, maganin zai bushe kafin tawul ya iso wurin, haka ma in ka dawo daga tafiya injin bai huce ba. A inuwa ake yi, jiki a sanyaye.

Yadda za ka cire shi ya danganta da kwanakin da ya yi. Da a ranar ne ka lura, da sai ka jiƙa tawul da ruwa ka matse sosai ka goge wurin ka bi da busasshe, ko ka ɗan fesa maganin kaɗan a tawul ka shafa a kan dabbaren, sabon yana tausasa tsohon sai ka ɗauke su tare. Amma kai naka ya yi kwanaki ya riga ya kama, don haka ka fara gwada sifirit ɗin IPA da aka sirka da ruwa, kashi ɗaya sifirit kashi uku ko huɗu ruwa, in bai tafi ba sai folish mai laushi, ko da hannu ma zai fita saboda shimfiɗin na feshi bai kai maikron ɗaya ba a kauri, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Kada wani ya ce maka a sa kwamfawun, wato folish mai kaushi mai cin fenti, ko samfefa, kiliyar mota gaba ɗayanta wajen maikron 40 zuwa 50 ce, abin da aka kankare ba ya dawowa, kuma wannan matsalar ba ta kai nan ba ko kusa.

Yanzu babbar maganar, wadda nake so ka tsaya ka fahimta da kyau. Ka ce ka wanke motar sannan ka fesa, to wanki kaɗai ba shiri bane. Yi wannan gwajin yau: wanke bonet ka tsane shi, ka sa hannunka cikin siririyar leda ka shafa a hankali a kan fentin. Za ka ji ƙus-ƙus a ƙarƙashin yatsunka kamar an barbaɗa yashi, har ƙara za ka ji, alhali da ido fes kake ganinsa. Wannan ƙurar birki ce da ɓurɓushin ƙarfe da kwalta da ƙaron bishiya da suka nutse cikin kiliya, sabulu ba ya fitar da su. In ka fesa seramik a haka, a jikin dattin ya manne ba a jikin fenti ba, wanki biyu uku ya tafi. Haka in akwai tsohon waks, wato kakin da ake shafawa don sheƙi, ko maiƙon folish a jiki, seramik ba ya mannewa a kan maiƙo. Abin da nake yi shi ne bayan wanki in fesa maganin cire ƙarfe, wanda za ka ga yana komawa ruwan shunayya yana gangarowa in ya haɗu da ɓurɓushin, in ɗauraye kafin ya bushe, sannan in bi da kilai, wannan yumɓun roba da ake gogawa a jiki da ruwan sabulu mai santsi, in ya faɗi ƙasa a yar da shi kada a mayar, sai folish, sai a share da IPA a cire maiƙon folish ɗin, sannan ne fa ake feshi.

Folish ɗin nan kuma shi ne sheƙin da kake nema. Wannan ne wurin da tallace-tallace suke sa mutane sa rai da abin da ba zai faru ba kuma abin yana min ciwo. Seramik na feshi ba ya cike karce, ba ya tayar da fentin da rana ta cinye. Ka shiga da motar wuri mai duhu ka haska tocilar waya a gefen ƙofa, in ka ga siraran zare-zare sun kewaye hasken, to su ne suke kashe sheƙin, kuma suna nan a ƙarƙashin duk abin da ka fesa. Ko 9H da ake rubutawa a kwalabe ma'aunin taurin fensir ne, ba wai dutse ko makulli ba zai karce ta ba. Amfanin abin shi ne santsi, sauƙin wanki, datti ba ya kamawa sosai, na tsawon wasu watanni, ba shekaru ba irin na ƙaramar kwalbar da ƙwararru ke shafawa.

Batun ruwa da ya daina dunƙulewa kuwa, kada ka yanke hukunci cewa maganin ya tafi. Sau da yawa yana nan, an rufe shi ne. Sabulun mota mai haɗe da waks yana barin shafi a sama, hayaƙin hanya ma haka, sai ruwa ya kwanta. Ka wanke da shamfun mota zalla mai matsakaicin pH, wato marar ƙarfin asid ko na soda, ka ɗauraye sosai ka gani, in dunƙulewar ta dawo to dama lulluɓe ta aka yi. In kuma da garin sabulun wanki ko sabulun wanke-wanke ake wanke maka, ko soso mai kaushi da bokiti ɗaya, to a daina. Sannan ka tuna ko ruwa ya taɓa motar a ranar da ka fesa, yawancin irin waɗannan suna son awa 12 zuwa 24 ba ruwa ba raɓa, wasu kuma an yi su ne dama a fesa a jiƙaƙƙen jiki a ɗauraye, shi ya sa karanta bayan kwalbarka ya zama dole domin ba duka hanyarsu ɗaya ba.

Wani abu da zai iya rikita ka, in fararen ɗige-ɗige zagayayyu kake gani to wannan tabon ruwa ne ba laifin feshi ba. Ruwa mai kalsiyam da yawa in ya dunƙule rana ta busar da shi sai ya bar gishirinsa a wurin. Farin khal rabi, tataccen ruwa rabi, a shafa a inuwa a bar shi minti ɗaya a ɗauraye, kuma daga yau kada a bar motar ta bushe da kanta bayan wanki. Tawul ɗin da ka yi aiki da su ma ka jiƙa su a ruwan sabulu da zarar ka gama, in seramik ya bushe a cikinsu sukan ƙi shan ruwa su yi tauri, kuma ban da maganin tausasa tufafi wajen wanke su.

Shawarata kada ka kama motar gaba ɗaya. Ka manna tef ka raba bonet biyu, ka yi wa rabi cikakken shirin nan ka fesa kaɗan, ka bar ɗaya rabin yadda yake, bayan kwana biyu ka watsa ruwa ka haska tocila ka kwatanta. In rabin da ka gyara ma ya sake dabbarewa a inuwa da tawul masu tsabta, to a lokacin ne za mu zargi kwalbar. Ka kuma faɗa min ko an yi wa wani ɓangare na motar sabon fenti kwanan nan, domin sabon fenti ana barinsa kwana 30 zuwa 90 ya gama shan iska kafin a rufe shi da komai, in haka ne sai ka tambayi mai fentin kafin ka taɓa wurin.