Wane Ma'auni Ya Dace da Samfurin Akagi, 1/700 ko 1/350?

Malam, ka tambayi ma'aunin da ya fi dacewa ga mai son harhaɗa samfurin Akagi, jirgin ruwan Japan mai dakon jiragen sama da ya nutse a yaƙin Midway a Yunin 1942. Shawarata ita ce ka fara da 1/700, wato samfurin da tsawonsa kashi ɗaya ne cikin 700 na tsawon jirgin. Tsawon jirgin na ainihi ya kai mita 260, saboda haka samfurin zai tsaya a kusan santimita 37, alhali na 1/350, irin wanda kamfanin Hasegawa ke yi, yana kaiwa santimita 74 kuma yana cin wuri da kuɗi. A ƙaramin ma'aunin kana iya jera shi da samfuran jiragen Kaga da Soryu da Hiryu, waɗanda duk Japan ta rasa a wannan gumurzu.

Ka lura cewa ɗakin sarrafa Akagi yana gefen hagu ne, saɓanin yawancin irinsa. Kada kuma ka manta da jan da'irar da aka zana a goshin dandalin saukar jiragensa gabanin yaƙin, domin ita ce ke bambanta shi da kamanninsa na 1941, lokacin harin da Japan ta kai wa sansanin sojin ruwan Amurka na Pearl Harbor.