Tambaya da Amsa: Me Ya Kai "Mata" Jikin Kwalbar Maganin Ido?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Wata ƙawata ta ba ni 'yar kwalbar magani da aka yi a Indonesiya, a jikinta an rubuta "obat tetes mata". Da na ga "mata" sai na ɗauka maganin mata ne, ashe na ɗigawa a ido ne. Yayana ya ce wannan alama ce Hausa da yarensu tushensu ɗaya, har ma ya ce Japanawa suna da kalmomin Hausa da yawa. Gaskiya ne? Daga wata mai karanta wannan shafi.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Na ji daɗi da kika tsaya kika bincika kafin ki taɓa maganin. A harshen Indonesiya "obat" magani ne, "tetes" ɗigo, "mata" kuwa ido. Shi ya sa suke kiran rana "matahari", wato idon yini, suna da ke burge ni duk lokacin da na tuna shi.

Ki gaishe min da yayanki, amma a wannan magana ba na tare da shi. Waɗannan haruffa huɗu, m-a-t-a, a bakin Bajapane "kuma" ko "a sake" suke nufi. A Sifaniyanci "yana kashewa" ne. A Hindi uwa ce. In da rubutu iri ɗaya hujjar zumunci ce, da sai mu haɗa kaka da dukkan waɗannan al'ummu, mu kuma bayyana yadda aka yi mata suka koma ido, ido ya koma kisa. Takwara dai ba ɗan'uwa ba ne, suna ɗaya ba ya sa a raba gado da mutum.

Lissafi kaɗan zai nuna miki inda abin yake. Ɗauki harshen da ke da baƙaƙe 20 da wasula 5. In kowace gaɓa baƙi ɗaya ce da wasali ɗaya, gaɓoɓi 100 ke nan kacal. Kalma mai gaɓa biyu kuwa, 100 sau 100, ba za ta wuce siffa 10,000 ba. To kowane harshe yana da dubban kalmomi, harsunan duniya kuma sun kai kusan 7,000, kuma sautukan da suka fi sauƙi a baki, irin su m da t da k da a, kusan kowa yana da su. Dole a yi karo. Abin mamaki shi ne a ce ba a yi ba.

Maganar Japanawa da yayanki ya ji ma daga nan ta fito. Japananci yana da wasula biyar kamar yadda muke rubuta namu, kuma gaɓoɓinsa galibi baƙi ne da wasali, irin ginin Hausa. Shi ya sa in an rubuta shi da haruffan boko sai ki ga kamar Bahaushe ne ya yi rubutun. "Hana" a wurinsu fure ne ko hanci. "Kuma" wata ƙatuwar dabbar daji ce mai gashi. "Kare" na nufin "shi". "Ido" rijiya ce, "dare" kuma tambaya ce, "wane ne?" Ko ɗaya babu wadda ma'anarta ta zo daidai da tamu. Wannan "dare" ɗin ma a Italiyanci bayarwa ce. Turanci kuwa, da yake yana cunkusa baƙaƙe uku ko huɗu a jere, ba mu cika yin karo da shi haka ba.

Akwai kuma wani abu da masu kawo irin wannan hujja suke mantawa. Sau da yawa wannan kama a kan takarda kawai take, kunne bai san da ita ba. Rubutun bokon Hausa ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. "Mata" na jam'in mace, da "mata" ta aure, da "mata" ta cikin "na faɗa mata", kalmomi uku ne daban a baki, alƙalami ne ya haɗe su. To wace daga ciki ce 'yar'uwar ta Indonesiya? Su kansu Japanawa ba da haruffan boko suke rubutun yau da kullum ba. Tsarin da aka fi bi wajen mayar da harshensu zuwa boko yana ɗauke da sunan Hepburn, wani likita ɗan Amurka da ya fitar da ƙamus a 1867. A nasu rubutun, fure da hanci alamominsu daban. Turkiyya sai a 1928 ta bar haruffan Larabci ta koma na boko, mutanen Malay kuma sun daɗe suna rubutu da Jawi, wanda yake kamar ajaminmu. Sannan in aka yar da lanƙwasar ƙ, kamar yadda ake yawan yi a waya, sai ƙudanmu ya zama "kuda", wanda a Indonesiya doki ne.

Ba na cewa duk kama haɗari ne. "Duniya" tana nan a Hausa da Suwahili da Indonesiyanci da Turkanci da Hindi, da ma'ana guda, domin duk daga Larabci suka ara. Aro ke nan, shaidar cuɗanya ta addini da fatauci, ba shaidar haihuwa ba. Wani lokaci ma aro biyu ne ke karo da juna: "sama" tamu daga Larabci take, "sama" ta Indonesiya, mai nufin "daidai" ko "iri ɗaya", daga Sanskirit, wani tsohon harshen Indiya.

To yaya masana suke gane zumuncin gaskiya? Misalin da na fi so yana tsibiran tekun Pasifik. Harshen Hawai da na Mawori na Niyu Zilan 'yan gida ɗaya ne, babu mai jayayya. Dukansu suna da kalma "kai". Sai dai a Hawai teku ce, a Mawori abinci. Mai gaggawa zai ce kalma ɗaya ce ma'anarta ta sauya, alhali ba haka ba ne. Duk inda Mawori ya sa t, mutumin Hawai k yake sawa: "tapu" da "kapu", abin da aka haramta, "mata" da "maka", ido ko fuska, "tai" da "kai", teku. Inda Mawori ya sa k kuwa, a Hawai ɗan tsayawar maƙogwaro ce irin hamza, shi ya sa abincinsu "ʻai" ne. Kin ga 'yar'uwar "kai" ta Hawai ita ce "tai", wadda ba rubutunsu ɗaya ba. Irin wannan sauyi da ke bin ƙa'ida a ɗaruruwan kalmomi shi ake nema, kuma shi ya nuna "mata" ta jikin kwalbarki tana da dangi tun daga Filifin har Fiji.

Hausa ma tana da nata dangin, kuma ina jin takaici idan na ga ana barin su ana neman wasu a Japan. Tana cikin harsunan Cadi, waɗanda suka haura 100, su kuma reshe ne na babban gidan da ya haɗa da Larabci da Ibrananci da Amharik da Somali da harsunan Buzaye da tsohon harshen Misira. Masanin harshe Joseph Greenberg ya tabbatar da wannan tsari a littafinsa na 1963 kan harsunan Afirka. Hujjar tana cikin abubuwan da ba a cika ara ba. Muna cewa gidanka da gidanki, Balarabe yana cewa "baituka" da "baituki". Muna bambanta ya tafi da ta tafi, shi ma yana bambanta "yaktubu" da "taktubu". "Mutu" tamu da "mata" tasa, wato ya mutu, jijiya ɗaya ce. Ga wata "mata" ɗin ke nan, kuma wannan karon da dalili.

Gargaɗi ɗaya ga mai tafiya gabashin Afirka: "kuma" da muke faɗi ba adadi a rana, a Suwahili kalmar batsa ce, a kiyaye ta a cikin jama'a.

TAMBAYA: Malam, to "mama" da "baba" fa? Kusan kowace ƙasa ana faɗinsu, kuma ma'anar ɗaya ce. Daga wani ɗalibi.

AMSA: Ɗana, wannan aikin jarirai ne. Sautin da yaro ya fara iyawa shi ne ya haɗe leɓɓa ya buɗe baki, sai ma-ma ko ba-ba ko pa-pa ya fito, iyaye kuma su karɓe su ce da su yake. Masanin harshe Roman Jakobson ya yi bayanin haka tun 1960. Kowace al'umma tana iya ƙirƙiro su da kanta ba tare da ta ji daga wata ba, don haka masana ba sa sa su cikin hujjar zumunci. Rabon ma ba ko'ina yake daidai ba. A Rashanci "baba" tsohuwa ce ko matar ƙauye, a harshen Jojiya kuwa uba ake kira "mama", uwa "deda".