Ku Tambaya Mu Amsa: Me ya sa gudun nawa ya ja baya a watan Afrilu?

TAMBAYA: Salam malam, ni ɗan gudun fanfalaki ne a nan Tumfure, Gombe, ina shirin shiga na Legas in Allah ya yarda. A watan Janairu ina yin kilomita 21 lafiya lau, amma yanzu a Afrilu hanya ɗaya, takalmi ɗaya, sai na ƙara kusan minti 15 kuma ina dawowa kamar an min duka, abokaina sun ce wai lalaci ne ya kama ni. Shin haka ne?

AMSA: Wa alaikassalam ɗan'uwa. Ka ce wa abokan nan naka su fito su gwada, ba lalaci ba ne, rana ce. Gombe a Afrilu ai zafi na kai wa digiri 40, kuma jiki in ya ɗau zafi sai ya riƙa tura jini wajen fata don ya huce, jinin da ya kamata ya je ƙafafu ke nan ya ragu, zuciya ta ƙara bugu, ga gumi na zuba jinin na ƙara kauri, to ta ina gudu zai yi sauri? Yanayin da aka fi samun lokaci mai kyau a fanfalaki wajen digiri 10 ne, irin sanyin asubar hunturu da mu kam muke shiga bargo.

Kuma ba kai kaɗai ba ne. A gasar duniya ta Doha, ƙasar Qatar, a 2019 sai da aka bari tsakar dare kafin a saki ’yan tsere mata, duk da haka zafi ya haura digiri 30 ga iska ta jiƙe sharkaf, cikin mata 68 da suka tashi 28 ba su ƙarasa ba, Ruth Chepngetich da ta ci ta yi awa 2 da minti 32 da daƙiƙa 43 (2:32:43), matar da a wuri mai sanyi take gamawa da fiye da minti 15 ƙasa da haka. Minti 15 ɗin ka ke nan fa. Tsoron irin wannan ne ya sa aka ɗauke fanfalakin Olamfik daga Tokyo aka kai Sapporo, garin arewacin Japan da bai kai Tokyo zafi ba, a 2021.

Tunda Legas ka nufa, ga inda nake so ka buɗe kunne. Zafinmu na nan busasshe ne, gumi na fitowa yana bushewa, bushewar nan kuwa ita ke sanyaya jiki. Na Legas kam iskar cike take da danshi, gumin sai dai ya yi ta ɗiga riga ta manne maka amma ba ka huce ba. Shi ya sa ake tashi da sassafe a watan Fabrairu, kuma duk da ’yan Kenya da Habasha ne ke yawan cinyewa, ba za ka ga lokacinsu ya kai na Berlin ko Chicago ba. Can hanya shimfiɗaɗɗiya ce ga sanyi, a Berlin Eliud Kipchoge ya yi 2:01:09 a 2022, Kelvin Kiptum ya yi 2:00:35 a Chicago a 2023.

Sanyin ma in ya wuce misali matsala ne, a fanfalakin Boston ta Amurka a 2018 ruwa da iska mai sanyi suka kori manya da dama, Yuki Kawauchi na Japan ya ci da 2:15:58.

TAMBAYA: Wai gaskiya ne gangara ta fi hawa sauƙi? Ina atisaye a hanyar Dass. Daga wata ’yar'uwa a Yelwa, Bauchi.

AMSA: Malama a numfashi ta fi sauƙi, a cinya kuwa a'a. Duk taku a gangara birki kike takawa da naman gaban cinya, kuma mintunan da hawa ya cinye, gangara ba ta biyan su duka. Boston ɗin nan gangara ce a farko, mutane su ruga da murna, sai wajen kilomita 32 su tarar da tudu bayan cinya ta riga ta mutu. Ba a ma karɓar lokacin Boston a matsayin tarihin duniya, don gangarar ta wuce mita 1 a kowace kilomita kuma daga gari zuwa gari ake yi, iska na iya tura mutum ta baya. Haka ta faru da Geoffrey Mutai a 2011, ya yi 2:03:02, ya fi tarihin lokacin amma ba a rubuta masa ba. Ki ci gaba da hanyar Dass ɗin, sai dai a gangara ki rage faɗin taku, kuma ki fita bayan sallar asuba da ruwanki a hannu.