Amsa: Takawa a ƙafa ta bakin kogi zuwa ruwan ɗumi na Wikki

Malam, ka ce daga Argungu za ka taso, kana so ka bi bakin kogin Gaji a ƙafa har ka isa ruwan ɗumi na Wikki da ke dajin Yankari. Nima daga Argungu na je, don haka bari in rage maka wahala: ba za a bar ka ka kutsa dajin nan kai kaɗai ba. Akwai giwaye da ɓauna, kuma da rani duk bakin Gaji suke taruwa shan ruwa. Sai da ma'aikacin daji, shi zai nuna maka inda ake takawa.

Daga ƙofar shiga zuwa sansanin Wikki ya kai kilomita 40, a mota ake yinsa. Daga sansanin kuwa matakala ce kawai ka sauka. Ruwan yana fitowa daga ƙarƙashin dutse, ɗuminsa kusan digiri 31 dare da rana, garau har kana ƙirga yatsun ƙafarka a kan farin yashi. Ka shiga da asuba lokacin hunturu, sanyi na dukan kunnenka, jikinka kuwa cikin ɗumi.

In tafiyar ƙafa ce ke ranka, ka fara gwada kanka a gida Argungu, bakin gulbi wajen Matan Fada, da takalmin da ka saba, ba sabo ba. Ka sa doguwar riga saboda ƙudan tsando.

Birai kuwa, Allah ya kiyaye! Wani gwaggon biri ya fizge min ledar kilishi ina tsaye ina kallo. Ka riƙa kulle ɗakinka ko fitsari za ka fita.