Kaushi daban, gargada daban: amsar tambayoyinku

Wani direban tirela da ke lodi a Apapa ta Legas ya turo tambaya, wai sun yi gardama da yaron motarsa, yaron ya ce "hanyar nan kaushi gare ta", shi kuma ya ce ba haka ake faɗa ba. Toh Malam direba kai ne da gaskiya, amma kar ka yi wa yaron dariya da yawa.

Kaushi abu ne da fata ke ji, sai ka shafa. Bangon da aka yi wa filasta ba a goge ba, bayan kada, buhun algarara, tafin hannun ɗan dako a kasuwar Mile 12 da ya yi kanta saboda ɗaukar kwandon tumatir, duk kaushi ne. Ita hanya ba shafa ta kake ba, bi kake, in ta cika da ramuka da tudu da kwari mota na ta girgiza har haƙoranka na haɗuwa to sunan wannan gargada. Hanyar burji ma in an daidaita ta da kyau ba ta da gargada ko kaɗan alhali in ka sa hannu kaushi ne zalla, ka ga bambancin kenan.

Abin da ke burge ni da kalmar kaushi shi ne 'ya'yan da take haifa. Daga kaushi ake samun kakkausa, jam'i kausasa, kamar yadda zafi ke ba da zazzafa da zafafa, laushi ya ba da lallausa, taushi ya ba da tattausa. Wani Bature masanin harshen Hausa, F. W. Parsons, ya yi nazarin wannan rukunin kalmomi tun 1955. Shi ya sa za ka ji a labarai an ce "ya yi magana da kakkausar murya", ko dattijo ya ce da kai "kar ka kausasa harshe", wato maganar ce take kartar kunne kamar samfefa.

Wata baiwar Allah daga Agege kuma ta ce mene ne kishiyar kaushi, laushi ko santsi? Hajiya duka biyun suna shiga amma ba waje ɗaya ba. Laushi na abin da in ka danna yake lotsawa ne ko garin da ya niƙu luƙui, katifa, tuwon shinkafa, garin alkama, kishiyar garin da aka barza kenan irin tsaki. Santsi kuwa na abin da hannu ko ƙafa ke zamewa a kai ne, madubi, tayil, kuɓewa. Gilashi na da santsi amma wa zai ce yana da laushi? Sulɓi ɗan uwan santsi ne, ni dai na fi jin sa a kan tarwaɗa da siliki. In kuma abu ya daidaita ba ƙurji ba tabo sai a ce ya yi sumul, kamar kan da wanzami ya gama yi wa ƙwal kwabo, ko sabuwar kwalta. Kuma don Allah a daina haɗa santsi da santi, santi na mai cin daɗi ne da ya fara zuba surutu, ina yawan ganin wannan kuskuren a Facebook.

Sai wani daga Idi-Araba da ya tambayi ma'anar "hanyar lafiya a bi ta da shekara". Ana nufin gara ka bi doguwar hanya da ka tabbata za ka isa ƙalau da ka yanke ta gajeriya mai haɗari, kuma ba a kan tafiya kaɗai ake faɗa ba, har neman kuɗi da neman aure. Lafiya a nan aminci ne, ba wai sumul ba, don kwalta mai kyau ma in ruwan Legas ya sauka a kanta ga baƙin mai ya zube, santsin da take yi ya fi gargada kayar da ɗan acaɓa. Wanda ya tambayi faso da kirci ya yi haƙuri sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.