Likita, ajiye maganar na'ura ka fara duba teburin kuɗi

Tambaya: Ni likitan mafitsara da ƙoda ne, shekara 3 ke nan da buɗe ƙaramin asibitina a Tudun Wadan Zariya. Kullum benci cike yake, amma ƙarshen wata da ƙyar nake haɗa albashi da man janareta. Ƙanin matata ne ke karɓar kuɗi. Ina so in ci bashin banki in sayo na'urar fasa tsakuwar ƙoda, ko harkar ta buɗe. Me ka gani?

Amsa: Likita, matsalarka tana cikin wasiƙar nan taka, ka faɗe ta a gurguje ka wuce. Benci cike, aljihu wayam, kuma mai riƙe da kuɗin mutum ne da kunya ba za ta bar ka ka ce masa kawo lissafi ba. Ban ce yaron yana ɗiba ba, Allah ya kiyaye ni da zato. Abin da ya dame ni shi ne ko yana ɗiba ko ba ya ɗiba, ba ka da hanyar sani.

Irin aikinka kuɗinsa ƙanana ne masu maimaituwa. Dattijon da fitsari ya riƙe wa yana dawowa canjin robar fitsari bayan 'yan makonni, ga gwajin fitsari, ga hoton ciki, ga yaron da aka kawo daga ƙauye da tsargiya. Irin waɗannan ne ke zirarewa. Na taɓa zama da wani mai asibiti irin naka muka ƙirga robar fitsari kaɗai: 40 suka fita daga sito a wata guda, kuɗin 25 muka gani a rubuce. Sauran kuwa, wannan surukin wane ne, wancan ya ce sai an sayar da masara, wani kuma likitan ne da bakinsa ya ce a bar shi ya tafi. Ya yi tagumi ya daɗe bai ce uffan ba. Yafe wa mara hali lada ne, ina goyon bayanka, amma a rubuta shi da suna da rana, ka san nawa ka yi sadaka a wata.

Ka ɗauki akawu wanda ba danginka ba, wanda za ka iya sallama gobe ba tare da an kira taron gida ba. Rasit mai lamba, kuɗi ta POS ko tiransifa zuwa asusun asibiti, mai sito daban da mai karɓar kuɗi. Kai ma ka yanka wa kanka albashi, ka daina zura hannu a durowa don cefane. Shi kuwa ƙanin matarka, fara shawartar uwargida cikin mutunci, ka sama masa wani aiki ko ɗan jari.

Maganar na'ura kuwa, sam ban yarda ba yanzu. Kayanta da dala ake sayo su, tana son wuta tsayayya, in ta lalace sai ka jira injiniya daga nesa alhali ruwan banki yana hauhawa. Masu tsakuwa nawa ka gani bara? Nawa ne cikinsu za su iya biya, ba su nufi asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika kusa da Zariya ba? Ka riƙe littafin kuɗi da na sito wata 3 cur, ka turo mini su, sannan mu zauna kan batun banki.